Gargaɗi ga masu haɗa kayan sola a Marwa da Garwa: ya sayar mini da D a kuɗin A

Sefa dubu 180. Ina so ku riƙe wannan adadin, don ni har yanzu bai bar ni barci ba. Dubu 180 na tura wa wani mutum da ke tallan kayan lantarki a Facebook, mai cewa shagonsa na Duwala, a kan LM4040 guda 200 masu volt 2.5, kowane ɗaya 900.

Waɗanda suka san ni a Domayo sun san ina haɗa bod mai yanke cajin batirin sola idan ya cika. LM4040 ɗin nan, ɗan abu mai ƙafa uku wanda bai kai ƙwayar shinkafa tsawo ba, shi ne ma'aunin da bod ɗin ke dogara da shi. In ya kauce, komai ya kauce. Kuma LM4040 aji-aji ne: A kuskurensa bai wuce kashi 0.1 cikin ɗari ba, B 0.2, C 0.5, D kashi 1, E kashi 2. Duk takarda ɗaya kamfani ya haɗa su a ciki, kuma lambar da ke shafin farko da manyan baƙaƙe ta ajin da ya fi kyau ce. Da wannan shafin yake yaudarar mutane. Ya turo mini hotonsa ya zagaye 0.1 da ja.

Ni ban tsaya a shafin farko ba, kada wani ya zo yana cewa na yi garaje. Na rubuta masa cikakkiyar lamba, LM4040AIM3-2.5, na ce A nake so, A. Sai ya turo saƙon murya: "Haba yayana, wallahi in ba A ba ne ka dawo mini da su, ni zan biya kuɗin mota." Wannan "yayana" ɗin ita ke yawo a kaina. Har ya tambaye ni zafin Marwa, ya ce ai harafin I ɗin nan yana nufin zai jure daga 40 ƙasa da sifili zuwa digiri 85. Gaskiya ya faɗa! Wanda ya san wannan, ta yaya ba za ka yarda ya san sana'arsa ba?

Wani Alhaji da na sa wa bod biyu a gidansa shi ya kira ni, ya ce ɗaya na yankewa da wuri, ɗayan sai ya ci gaba da caji. A gaban 'ya'yansa ya ce, "Malam, da ba haka aikinka yake ba." Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Af, kafin wannan ma, ranar da kwalin ya iso ta motar Ngaundere, takardar da ke manne a leda A ta ce, an buga ta tsaf. Hotonta na nan.

Na koma shago na auna da mita mai kyau: 2.479, 2.521, 2.484. A na gaskiya, a digiri 25, ba ya fita daga 2.4975 zuwa 2.5025. Waɗannan kuwa sun bazu cikin iyakar D, wato 2.475 zuwa 2.525. Na ɗauko gilashin ƙara girma na duba bayansu: R2D. Harafin ƙarshen shi ne ajin, na A R2A ake rubuta masa. Duk 200 ɗin D ne. Kashi 1 a kan volt 14.4, inda bod ke yanke caji, ya kai 0.14, to bod biyu za su iya bambanta da kusan 0.3. Ga kuma zafi: D yana iya kaucewa ppm 150, wato kashi 150 cikin miliyan, a kowane digiri, A kuwa 100, kuma kun san yadda cikin akwatin ƙarfe yake a watan Afrilu a nan.

Da na tura wa mai sayarwar hoton, sai ya ce "ai duk ɗaya ne, duba typical." Typical fa! Wannan layin abin da aka fi samu ne kawai, alkawarin kamfani yana layin max, wato iyakar kuskure, kuma kowane aji da nasa adadin a teburan takardar. In duk ɗaya ne, me ya sa ka karɓi dubu 180 kuɗin A? Me ya sa aka manna takardar ƙarya a leda? Daga nan ya toshe ni. Dubu 180, ban da kuɗin mai da nake ƙonawa ina bin gidajen mutane ina cire su ɗaya bayan ɗaya.

Hotunan hirarmu, rasit ɗin kuɗin da saƙon muryarsa zan sa su da daddare, kuma zan kai wa jandarma kwafi. Na ji yana tallata wa mutanen Kusiri da Njamena ma. Kada ku biya sai an turo muku hoton rubutun da ke jikin abin kansa, ku nemi teburin ajinku a takarda, ku auna kafin ku liƙa.