Shagon naɗin taransfoma a Ƙofar Ƙaura: ingancin aikinsu da inda suke da gyara

Cikin masu naɗin taransfomar sitabilaiza da inbata a Katsina, akwai wani shago a wajen Ƙofar Ƙaura da ya cancanci a kai wa aiki, saboda yadda suke riƙe farantan ƙarfen ciki, waɗanda masu sana'ar ke kira E da I saboda siffarsu irin ta waɗannan haruffa ce.

Ba sa babbaka. Wasu idan waya ta ƙone sai su jefa taransfomar a wuta don farantan su saki da wuri. Wutar kuwa tana cinye siririn shafin da ke raba faranti da ɗan'uwansa, sai a yi naɗi tsaf amma na'ura ta riƙa zafi ko ba a jona mata komai ba. A nan da wuƙa da ƙaramar guduma ake zare su ɗai-ɗai, a goge tsatsa, a ware duk wanda bakinsa ya lanƙwashe. Wajen mayarwa a sarƙe su: E ɗaya ta dama, na gaba ta hagu, I ya toshe bakin kowanne.

Awo ma ba da ido suke yi ba. Lambar faranti ita ce faɗinsa a milimita, harshen tsakiya na E kuma sulusin faɗin ne: na EI-66 milimita 22, na EI-96 kuwa 32, tagarsa, wato gurbin da waya ke zama, 16 da 48. In aka jera EI-96 har kaurin milimita 40, filin harshe ya zama santimita murabba'i 12.8, a cire kashi 5 cikin 100 na shafi da rata, saura kusan 12.2. Da yake wutarmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa, lambar da ake aiki da ita 45 ce, sai su raba ta da 12.2 ɗin nan, a sami zagayen waya 3.7 ga kowane bolt, wato kusan 850 ga bolt 230. Mai ƙwauron zagaye shi ke jawo gurnani da zafi.

Wuri biyu suke da gyara. Farantan ciko da suke ajiyewa yawanci masu kaurin milimita 0.5 ne, in naka 0.35 ne, wanda ya fi ƙarancin zafi, faɗa tun kafin a kwance, kada a gauraya maka. Sannan idan aiki ya yi yawa sukan miƙa taransfoma banish, shafin da ke riƙe farantan, bai bushe ba, farantan su saki daga baya. Bar musu ita ta kwana biyu. Kafin ka biya, a jona ta ba lodi na rabin awa, ka ɗora bayan hannunka a kan ƙarfen: ɗumi-ɗumi ya kamata ka ji.