Asibitin yaran da nake kai autana awo a Garwa

Salam 'yan uwa mata. Ni a unguwar Yelwa nake nan Garwa ta ƙasar Kamaru, akwai wani ƙaramin asibitin yara da nake kai autana awo da rigakafi, sun fara wani abu da ya kwanta min a rai. Yanzu kafin a ɗora yaro a sikeli sai wata nas ta zaunar damu kan benci ta mana magana kan haɗarin cikin gida, kuma ko dala ba a ƙara mana ba.

Ranar da naje gora biyu ta fito dasu, ɗaya ruwa ɗaya kananzir, tace mu nuna wacce ce ta ruwa. Wallahi kasawa mukayi, to ina ga ɗan shekara 2 da ƙishin watan Afrilu ya kama? Jikina yayi sanyi don a gindin murhu nake aje tawa, ga maigida shima yana shigo da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bumburutu, a kwalba saboda babur. Tace in yaro ya sha kar a sa shi amai kar a ɗura masa manja, wajen aman ne abin ke faɗawa huhu, a kawo shi asibiti kawai, mu kuwa da manjan muka tashi muka ga anayi.

Maganar ƙuna ce ta ja gardama. Wata tsohuwa tace 'yar nan mu ɗanyen ƙwai muka sani, nas ɗin ta rusuna tace Mama ayi haƙuri, ruwa mai sanyi za'ayi ta kwarara wa wurin har minti 20, banda ƙanƙara banda man goge baki. Sai bokiti, wai ba sai kogin Binuwai ba, ɗan ruwan wanki ya isa ya cinye mai rarrafe kuma shiru zaki ji ba kuka. Ta kawo lissafin hukumar lafiya ta duniya da UNICEF na 2008, wai a lokacin sama da yara 2,000 ke rasuwa kullum a duniya ta tsautsayi iri-iri, har da haɗarin hanya.

Inda suka gaza, hotunan bango duk da Faransanci, bayani kuma Fulatanci sai kin roƙa a maimaita da Hausa. Sannan ba namiji ko ɗaya a bencin, alhali su ke ɗora yara uku a babur ba hular kwano, dan Allah a nemo hanyar da zasu ji.

Kananzir dai ya koma can saman kantar kaya, murfin rijiya ya rage, nayi wa mai walda magana yace ran Asabar.