GARGAƊI: Miliyan 9 da dubu 400 na biya, aka ba ni Prado mai tsagaggen kan inji

Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana goma sha ɗaya rabona da barcin kirki, kuma na ga in ban faɗi abin nan ba zai kwantar da ni. Naira miliyan 9 da dubu 400. Tarin shekara huɗu ne, har da kuɗin filin da na sayar a bayan gari, na ɗauka na tura wa wani mai sayar da motoci a Kano, ya miƙo min makullin motar da ya san kan injinta a tsage yake. Wallahi ya sani, kuma zan nuna muku yadda aka yi na tabbatar.

Kafin wani ya ce ban duba ba: na duba. Shekarata goma sha shida ina tuƙi. Sana'ata sayen zuma da wake a ƙauyukan bayan Gembu da Nguroje, in sauko da su Jalingo, kuma duk wanda ya san hanyoyin Mambila da damina ya san ƙaramar mota ba ta shiga. Shi ya sa na nemi Prado ƙirar 1999 mai injin dizal ɗin nan 1KZ, lita 3, silinda huɗu. Na zaro geji na ga baƙin mai garau. Na buɗe murfin mai na shafa cikinsa da yatsa, babu wannan farin kitsen mai kama da madara. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta, ko ɗigo. Na saka ogzilari, giyar ƙarfi ta shiga laka da hawan dutse, ta shiga, na cire ta fita. Mun zaga da ita kusan minti ashirin, allurar zafi ba ta kai ko rabi ba. To me ya rage wanda mai hankali zai yi ban yi ba?

Abu ɗaya ne, kuma shi ne yake hana ni barci. Na kai hannu zan buɗe murfin lagireto, sai ya riƙe min wuyan hannu. A hankali ya riƙe, kamar yadda wa yake riƙe ƙaninsa. Ya ce, “Haba Alhaji, kada ka ƙone mana. Yanzu yara suka ɗumama ta, ruwan da zafi.” Na janye hannuna har ina yi masa godiya. Godiya fa! A raina na ce wannan mutumin kirki ne, ya damu da lafiyata. Daga nan aka kira azahar, muka yi sallah kafaɗa da kafaɗa, ya sa aka kawo min ruwa mai sanyi, na yi masa tiransifa sau biyu, miliyan 5 sannan miliyan 4 da dubu 400.

Na manta ban faɗa ba, ƙarfe tara na safe muka yi zan je. Ina hanya ya kira ya ce in bari sai sha biyu, wai an tafi wankin motar. Da na isa tana kunne, injin tas kamar an lashe shi. Yanzu na gane dalili. Motar da ruwa ke shiga silindarta, da sanyin safiya take tona asirin kanta: ta yi gargada wajen tashi, salansa ta yi ta fitar da farin hayaƙi mai kauri. In ta ɗau zafi sai ta lafa. Bai so in gan ta da sanyi ba, bai so in ga cikin lagireto ba, shi ya sa ya riƙe min hannu.

Kuma makaniken da ya duba min ita, wanda na ba dubu 15, mai sayar da motar ne ya kira shi. Ya ce, “Ga wani nan kusa, ba ruwansa da kowa.” Nawa makaniken yana Jalingo, tafiyar yini guda, wa zan kira a garin da ba nawa ba? Dubu 15 na biya aka ce min “inji lafiya lau, Yallaɓai.”

A Mayo Selbe muka fara hawa dutsen Mambila, ni da yarona. A'a, kafin nan akwai Gombe. Ranar da na taho da ita daga Kano na kwana a Gombe, da safe na buɗe lagireto na ga ruwa ya yi ƙasa, ta sha kusan gora ɗaya da rabi. Nan take na kira mai sayar da motar. Ya yi dariya ya ce sabon ruwa aka zuba, iska ce ke fita, “ƙara mata kawai Alhaji, motar nan ko Agadas ka nufa za ta kai ka.” Saƙon muryar yana wayata. A Numan na sake ƙarawa. Na leƙa ƙasa babu yoyo, tiyo a bushe, famfon ruwa a bushe, kafet ɗin gaba a bushe, balle in ce hita ce ke zubarwa. Ruwa yana tafiya amma ba a ganin inda yake bi. A lokacin na ɗauka hakan alamar lafiya ce, tunda babu inda ke ɗiga.

Bayan kwana biyar muka kama hanyar Bali, Serti, sai hawan dutse. Ba mu yi rabin kwanonin nan ba na ji ƙarfinta ya ragu, sai wani wari mai zaƙi-zaƙi, sai tururi ta gefen bonet. Allurar kuwa a lokacin ne ma ta ɗan wuce rabi. Na samu gefe da kyar na tsaya, ga rami a hannun dama, yarona ya yi tsalle ya sa dutse a bayan taya, jikinsa na rawa. Ɗan mutane ne aka ba ni amana. Da wani abu ya same shi me zan ce wa uwarsa?

Dubu 180 aka ja mu zuwa Serti. Wani dattijon makanike a can, Allah ya saka masa da alheri, ya ce kada a taɓa ta sai da safe. Da asuba ya cika lagireto har baki, ya bar shi a buɗe, ya ce in tayar. Ko minti ɗaya ba a yi ba kumfa ta fara tasowa, ɓul, ɓul, ɓul, ba tsayawa, alhali injin da sanyinsa. Ya ce, “Ɗana, wannan ba tafasa ba ce, iskar cikin silinda ce ke shigowa ruwa.” Ya ɗaura wani murfin mai kyau, kafin ka ce me tiyon sama ya yi tauri kamar icce. Ya cire filogin hita guda huɗun, masu ɗumama silinda kafin a tayar da inji, aka buga sitata, sai ga feshin ruwa daga rami na uku.

Na ce masa, Baba, amma ai man bai gauraya da ruwa ba. Ya ce ba dole ba ne. In tsagar tsakanin silinda da hanyar ruwa take, mai zai iya zama garau har injin ya mutu. Wannan ita ce amsata ga masu cewa da na duba mai da na gane.

Sannan ya fara nuna min aikin hannunsu ɗaya bayan ɗaya. Robar murfin lagireto an yanke ta da reza, don kada iska ta taru tiyo ya kumbura. Murfi mai kyau shi ke riƙe ruwa ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba, wanda aka yanke kuwa a 100 zai tafasa, a saman Mambila mai tsawon mita 1,600 ma tun wajen 95. Tamosta, wadda ke daidaita zafin inji, babu ita sam, an cire. A wayar da ke kai wa allura labari an haɗa wani ɗan ƙaramin abu irin na masu gyaran rediyo, an naɗe da baƙin salatif, don ta riƙa nuna ƙasa da zafin gaske. Cikin lagireto kuma cike da wani abu mai yauƙi ruwan ƙasa, maganin toshe yoyon nan da ake zubawa, ya toshe rabin hanyoyin. Da aka sauke kan injin a Jalingo, ga tsaga nan tsakanin bawul biyu na silinda ta uku, kan fistin ɗin wurin fari tas kamar an wanke, sauran ukun baƙi. Gaskit ɗin sabo ne, an shafe shi da jan gam. Wato sun buɗe, sun ga tsagar da idonsu, suka mayar suka rufe. Motar ba ta da laifi, kan alminiyam ne, in aka bari ya sha zafi dole ya tsage. Mutum ne ya zauna da reza ya yanke robar nan.

Sabon kai da gaskit da notuna da lagireto da kuɗin aiki, an yi min lissafin miliyan 1 da dubu 350. A kan miliyan 9 da dubu 400. Ga 180 na ja, ga 15 na makaniken ƙarya. Kasuwa uku ta wuce ni.

Na kira mai sayar da motar, da farko ya ce famfon ruwa ne. Da na tura masa bidiyon kumfar ya ce ni na ƙona ta a kan dutse. Daga baya ya ce “ciniki ya riga ya faɗa, ai ka zo da makanikenka.” Makanikena! Tun ranar Talata ya toshe lambata. Mutumin da ya riƙe min hannu yana cewa kada in ƙone.

Rasit, alat guda biyu, saƙon muryar Gombe, hoton robar da aka yanke da na tsagar, duk suna nan. Lauya ya ce in rufe suna da lamba tukuna har a shigar da ƙara, amma gobe in Allah ya kai mu zan saka waɗannan shaidun.

Masu neman irin motar nan, ku je da sassafe ba tare da sanarwa ba. In kun tarar da inji da ɗumi ku juya. Ku buɗe lagireto da sanyi ku kalli ruwan tana aiki, ku duba robar murfin, ku zo da makanikenku ko daga ina yake.

Ni dai ban yafe ba. Miliyan 9 da dubu 400, kuma har yanzu motar tana gareji an tuɓe mata kai.