Sharhi: Tsofaffin finafinan koyar da riƙon fim, da abin da ba su faɗa ba

Wanda duk ya gaji gwangwanayen fim na zamanin majigi, kafin ya buɗe ko ɗaya ya nemi 'yan gajerun finafinan nan na koyarwa da aka yi a Amurka da Ingila tsakanin shekarun 1940 da 1960, ya zauna ya kalle su. Kyauta ake samunsu a shafin Internet Archive, inda tarin tsofaffin finafinai na Prelinger yake, wasu kuma suna YouTube. An yi su ne domin malaman makaranta da sojoji da ma'aikatan gidan silima, mutanen da ake aiko wa fim aro, su haska, su mayar. Ni abin da ya kai ni gare su shi ne wasu faya-fayen fim mai faɗin milimita 16 da baffana ya bari, tare da majiginsa.

Amfaninsu na farko shi ne suna nuna hannu. Littafi zai ce maka ka riƙe fim ta gefe, amma a nan za ka ga yadda babban yatsa da manuni ke kama bakin zirin ba tare da sun taɓa hoton ba, sannan a nuna maka zanen yatsan wanda ya yi ganganci ya fito ɓaro-ɓaro a allo. Za ka ga yadda ake barin ɗan lanƙwasa sama da ƙasan tagar da haske ke bi, domin a wurin fim tsayawa yake yana tafiya, hoto 24 a kowace daƙiƙa, alhali haƙoran majigi suna jansa ba tsayawa. In lanƙwasar ta ɓace, haƙoran su yage hudojin gefe. Na daɗe ina jin wannan bayani a baki, sai da na ga an nuna shi a hankali sannan ya zauna mini.

Darasin da ya fi burge ni shi ne na karce. Ƙura ko ɗan ɓarɓashin da ya maƙale a tagar majigi zai ja layi tun daga farkon faifai har ƙarshensa, faifan ƙafa 400 kuwa kusan minti 11 ne na kallo. Shi ya sa suke nanata a share tagar da burushi mai laushi kafin kowace haskawa, kuma kada a kusanto ta da ƙarfe, ko allura ce. Haka nan ɗabi'ar nan ta jan wutsiyar fim don naɗin ya yi tsauri: kowa yana yi da kyakkyawar niyya, amma goga fim yake a jikin ɗan uwansa, ya bar ƙananan karce ko'ina. In kuwa ya tsinke, ba a haɗa shi da fil ko salatef na ofis. A kankare fuskar hoton kaɗan, a shafa gam ɗinsa na musamman, a danne a na'urar haɗi.

Salonsu dai na zamaninsu ne. Mai bayani yana magana kamar hedimasta, kuma kusan kullum akwai wani sakarai da aka ajiye don ya yi duk abin da aka hana, fim ya zube masa a ƙasa yana tattakawa. Abin dariya ne, amma dabarar tana aiki, don ba ka mantawa. Turanci ne zalla, sautin wasu ya dushe, sai dai ko ka kashe murya za ka fahimci mafi yawa.

Waɗanda ba na dariya ba su ne na gobara. Har wajen 1951, fim mai milimita 35 na gidajen silima da sinadarin naitiret ake yinsa, wanda in ya kama wuta shi ke ba kansa iskar da yake ci da ita. Rundunar sojan ruwan Ingila ta yi fim a kan haka a 1948, inda ake tsoma naɗin da ke ci cikin ruwa, a ciro shi bai mutu ba. Bakano ba ya bukatar a yi masa dogon bayani: gobarar silimar El Duniya a Kano, ranar 13 ga Mayu 1951, ta tashi ne daga ɗakin majigi, ta kuma ci rayuka sama da 300. Mai milimita 16 kuwa, tun da Kodak ya fito da shi a 1923 ba a yi shi da naitiret ba, don gida da makaranta aka nufa da shi. Wannan ya kwantar mini da hankali game da kayan baffa.

To, inda suka gaza. Duk finafinan nan suna magana ne a kan sabon fim, mai laushi, da ya fito daga kamfani jiya. Wanda ke hannunmu yau ya haura shekara 60. Fim ɗin asitet, wato sinadarin da aka yi mai milimita 16 na wancan zamani da shi, in ya tsufa a zafi da laima yakan fara ruɓewa, ya riƙa warin ruwan khal, ya ƙanƙance, ya kanannaɗe. Da ya ƙanƙance, tazarar hudojinsa ba ta dacewa da haƙoran majigi, sai ya zamana ka bi duk ƙa'idar da aka koya maka daki-daki, amma majigin ya cinye fim ɗin a haskawa ɗaya. Ba za ka ji wannan a bakinsu ba, domin lokacin matsalar ba ta bayyana sosai ba. Ƙorafin farko da ya isa Kodak daga Indiya ya fito, ƙasa mai zafi da laima. Su ma shawarwarinsu na ajiya, wai a wuri mai sanyi marar danshi, da sauƙin faɗa a Rochester, garin Kodak a Amurka. Mai ɗakin kwano a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu ga laimar damina, sai ya yi wa kansa dabara.

Don haka na raba aikin gida biyu. Riƙo, sharar taga, naɗi da haɗi, na ɗauke su daga finafinan yadda suke. Amma kowane gwangwani sai na shinshina shi tukuna. Mai wari na ware shi nesa da sauran, don tsamin yana kama na kusa da shi, kuma ba ya hawa majigi. Sai dai in warware shi da hannu, da safar auduga, in duba hotunan a gaban fitila, kafin a samu mai na'urar da za ta kwafe shi zuwa kwamfuta.