Garwa, Marwa, Gaundare ko Injamena: ina ya kamata baƙo ya fara sauka?

Duk shekara da zarar hunturu ya shigo, sai 'yan'uwa daga Kano da Yola da Damagaram su fara bugo mini waya nan Garwa, a arewacin Kamaru. Bana ɗan yayata ne ya kira. Yana da hutun mako guda da 'yan kuɗin da ya tara, yana so ya zo da amaryarsa. Ya ce, "Kawu, wane gari ya fi kyau a wajenku?" Na ce masa, "Ɗana, fara gaya mini watan da za ku zo da nauyin aljihunka, sannan in zaɓa maka." Yana yi mini ciwo in ga mutum ya kashe kuɗinsa ya zo a watan da bai dace ba, ya sauka garin da bai dace da shi ba, sannan ya koma gida yana cewa ƙasarmu babu abin kallo.

Abin da ke riƙe baƙo a gari, a ganina, shi ne ya iya fita da ƙafarsa ya zaga ba tare da rana ta kore shi ko fargaba ta tsare shi a ɗaki ba, kuma a samu wani wuri kusa da zai je da hantsi ya dawo kafin magariba. Idan da wannan mudu za a auna, Gaundare ce a gaba, ko da yake ni ɗan Garwa ne.

Gaundare tana kan tudu, sama da mita 1,000, shi ya sa iskarta daban take. A watan Disamba sai da bargo ake kwana. Nan ne layin dogo daga Yawunde ya tsaya tun 1974, kuma jirgin dare yana da ɗakunan kwana, mutum ya shiga da yamma ya wayi gari a Adamawar Kamaru. Sunan garin da harshen Mbum yana nufin dutsen cibiya, saboda wani dunƙulen dutse da ke zaune a kan tsauni, ana hango shi daga cikin gari. Wanda ya zo ya daure ya kai Juma'a, ya ga fitar Lamiɗo zuwa masallaci da dawakai da algaita. Bakano zai ji kamar bai bar gida ba. A bayan gari akwai Tafkin Tizon, wanda bakin tsohon dutse mai aman wuta ne da ruwa ya cika, sai gangaren ruwan Vina, da na Tello inda mutum ke bi ta bayan ruwan ya tsaya a cikin kogo yana kallon zubarsa. Ga kindirmo, ga zuma, ga kilishi. Aibinta ɗaya: daga Afrilu zuwa Oktoba ruwan sama ba ya ɗagawa, jan laka kuma yana ɓata hanyoyin ƙauye.

Marwa kuwa ita ce ta fi shiga raina. Titunanta a rufe suke da inuwar darbejiya, ka yi tafiyar sa'a guda da ƙafa rana ba ta dame ka ba, alhali garin yana bakin sahel. Kogin Mayo Kaliyo da ya ratsa tsakiyar gari yana ƙafewa da rani, yara su mayar da yashinsa filin ƙwallo, masu wanki su tona rami su samu ruwa. A kasuwar masu sana'ar hannu da ke jikin babbar kasuwa dukawa suna ɗinka takalma da jakunkuna da tintimi a gabanka, kuma ciniki a nan sai da haƙuri: kada ka biya farashin farko, kada kuma ka wulaƙanta aikin hannun mutum. Kayan fatar kada da ta mesa dai a bar su, domin suna iya jawo maka magana da kwastan. Da dare a gangara unguwar Domayo a ci gasasshen kifi. Daga Marwa ne ake zuwa Rumsiki ta Mokolo, inda duwatsun Kapsiki suka miƙe tsaye kamar an kafa su da hannu, da dutsen Mindif mai kama da haƙori, da Pus inda Musgum ke gina ɗakunan laka masu tsini ba tare da itace ko guda ba.

Sai dai dole in faɗi gaskiya ko da ɗaci. Tun watan Fabrairun 2013 da aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya bayan sun fito daga gandun dajin Waza, baƙi suka janye ƙafa, kuma har yau ƙauyukan bakin iyaka ba su huta da Boko Haram ba. Cikin gari ana harkoki yadda aka saba. Amma hanyar Mora zuwa Kusuri, ga ramuka ga fargaba, ba wadda zan aika ango da amarya ba ce. Wanda zai fita bayan gari ya tambayi mai masaukinsa da direbobin tasha a ranar da zai tafi, kuma kada dare ya same shi a hanya.

Garwa tamu matsalarta zafi. A Maris da Afrilu ma'auni yana wuce 40, baƙo ba zai iya komai ba tsakanin azahar da la'asar. Amma daga Disamba zuwa farkon Fabrairu gari ne mai daɗin zama, kuma ya fi sauran sauƙin shiga daga Yola. Gasar cin kofin Afirka ta bar mana alheri: a watan Janairun 2022 'yan Najeriya suka cika filin Rumde Ajiya, Super Eagles ta ci wasanninta uku na rukuni kafin Tunisiya ta fitar da ita da ci ɗaya, kuma otel-otel da titunan da aka gyara saboda gasar suna nan. Da yamma a je bakin Binuwai, in an yi sa'a a ga dorina. Ranar Lahadi kasuwar Pitowa ke ci. Madatsar Lagdo, wadda aka gama a 1982, tana da kifi da tsibirai, kuma wanda burinsa namun daji ne, daga nan ake kama hanyar gandun Binuwai da na Buba Njidda, da rani kawai.

Injamena babban birnin Cadi ce, farashinta ma na babban birni ne. Kuɗin da zai kwanar da kai dare uku a Marwa da wuya ya kai ka biyu a can. Harshe ma yana sauyawa: a garuruwan Kamaru ukun nan Fulatanci ke tafiyar da kasuwa, Hausa kuma tana fitar da kai, amma a Injamena Larabcin Cadi ne kan gaba. Mai son tarihi dai zai ƙoshi. A nan Logon ya haɗu da Shari, kuma a tsallaken ruwa, a Kusuri, aka gwabza ranar 22 ga Afrilun 1900, inda Rabe da kwamandan Faransa Lami suka mutu rana ɗaya. Shi ya sa aka riƙa kiran Injamena Fort-Lamy har 1973. A gidan tarihi na ƙasa akwai sashen Tumai, ƙoƙon kan wata daɗaɗɗiyar halitta mai kama da ɗan Adam da aka tono a hamadar Jurab a 2001, wanda masana suka ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan bakwai. Ƙauyen Gawi na Kotoko, mai tukwane da bangaye masu zane, yana nan gefen gari. Mata kuwa kasuwa ce ke janye su, saboda humra da turaren wuta da shebe na gyaran gashi. Abu biyu a kiyaye: kada a ɗaga waya a ɗauki hoton soja ko gada ko kusa da fadar shugaban ƙasa, kuma baƙo ya yi rajista wurin 'yan sanda cikin kwana uku da shigarsa. Manyan abubuwan kallon Cadi, Zakuma mai giwaye da duwatsun Ennedi da UNESCO ta sa a jerinta a 2016, suna da nisan ɗaruruwan kilomita, sai da mota mai ƙarfi da kwanaki da kuɗi masu kauri. Mai hutun mako guda ba zai kai su ba.

Kamaru da Cadi sefa ɗaya suke ci, amma ba irin ta Nijar ba ce, don haka ɗan Damagaram ma sai ya yi canji. Kamaru da Cadi ba sa cikin ECOWAS, a zo da fasfo da katin rigakafin shawara.

Abin da muka tsayar da ɗan yayata ke nan: su shigo ta Yola a ƙarshen Disamba, su kwana biyu a gidana mu je Lagdo da Pitowa, sannan su hau mota kilomita kusan 280 zuwa Gaundare su yi sauran kwanakin har Juma'a. Marwa sai zuwa na gaba, in tafi da su da kaina. Amarya ta so Injamena saboda humra, na riga na ba wani ɗan kasuwa da ke zuwa Kusuri saƙon kwalba biyu.