Bulon ɓawon kwakwa a kejin tarantula: yana da kyau, amma a kula da ruwan da ake zuba masa

Wata takwas ke nan ina shimfiɗa ɓawon kwakwa a kejin tarantulata guda biyu (tarantula wani babban gizo-gizo ne mai gashi), kuma in ya ƙare zan sake saya. Sai dai umarnin da ke jikin ledar ya kusa jawo mini asara.

Bulon gram 650 ne, a danne tamau kamar katako. Zaren da ke lulluɓe da ƙoƙon kwakwa ne aka marmashe aka matse, galibi daga Indiya da Siri Lanka. Wanda nake saya ba taki a ciki, ba maganin ƙwari, abin da ya fi komai muhimmanci ke nan ga mai kiwon gizo-gizo. An rubuta a zuba ruwa wajen lita 4. Na zuba, ya kumbura ya cika bokiti, ya kai lita 8, yana ƙamshin ƙasa bayan yayyafi. Na matse shi iya ƙarfina, na juye a keji.

Babbar tawa Grammostola rosea ce, asalinta busassun yankunan ƙasar Cile. Ko ƙafa ɗaya ta ƙi ɗorawa a kai. Ta haye gilashi ta maƙale dab da murfi, kwana biyu tana nan ƙafafu a baje. Hankalina ya tashi matuƙa, domin tarantula mai zaman ƙasa jikinta da nauyi, fatar cikinta kuma ba kauri. In ta suɓuto daga sama cikin na iya fashewa, kuma da wuya ta rayu. Na mayar da ita wani mazubi, na kwashe shimfiɗar duka.

Nan na gane wahalar shanya shi. In ka bar shi a tsibe, sama zai yi haske kamar ya bushe, ka cusa hannu ka ji sanyin lema a ƙasa. Sai da na baza shi a manyan tire, kaurin yatsu biyu, na rufe da raga saboda ƙuda, ina juyawa safe da yamma, sannan ya bushe a kwana uku. Na gwada na'urar gasa abinci ma, a kan zafi digiri 90, ƙofa a ɗan buɗe don tururi ya fita, ina motsawa duk minti 15. Ya fi sauri, amma kada a matsa daga wurin, busasshen zare ba ya wasa da wuta.

Yanzu ba na bin umarnin. Ina tsaga bulon da wuƙa ta gefe, in riƙa yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan, bai kai lita 2 ba, in rufe bokitin tururi ya ratsa shi, sannan in murje da hannu. Yini ɗaya ya isa ya bushe. Gwajina shi ne in damƙi cikin hannu: in ya ɗiga, da saura, in na buɗe hannu ya warwatse, ya yi wa Grammostola.

Ɗayar, Tliltocatl albopilosus mai murɗaɗɗen gashi, 'yar Amurka ta Tsakiya ce, tana son ɗan danshi da haƙa rami. A nan ɓawon yake da rauni: in ya bushe ƙayau ba ya riƙe rami, rufzawa yake. Don haka nakan bar na ƙasa da ɗan lema, in danne shi sosai da tafin hannu, in zuba busasshe a sama. Nakan cika kejin har tazarar murfi ba ta wuce faɗin ƙafafunta sau ɗaya da rabi ba.

Fumfuna sau ɗaya na gani, fara sol, inda tarantular ta yar da ragowar gyare. Na ɗebe wurin da cokali, ba ta dawo ba. Busasshen kuma yana tayar da ƙura wajen juyewa, shi ya sa nake yin aikin a waje.

Ranar da na mayar da Grammostola kan busasshiyar shimfiɗa, kafin dare ta sauko, ta fara saƙa siririyar yana a bakin maɓoyarta.