Matar da ta hana ni sayen sola a Jamus

Shekara goma sha ɗaya ina Jamus, ban taɓa jin kunya irin ta ranar da wata mata ta tsaya a tsakar falona ta ce in mayar da kuɗina aljihu ba. A gaban matata kuwa.

Mun sayi wani tsohon gida a gefen birnin Dortmund, ginin 1974, wato kafin ƙasar ta fara dokar hana zafi tserewa daga gine-gine a 1977. Tukunyar gas ce ke ɗumama shi. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, gas ya yi tashin gwauron zabo, takardar kuɗin ƙarshen shekara ta zo, sai da na nemi kujera na zauna kafin na gama karanta ta. A ranar na yanke shawara: zan lulluɓe rufin nan kaf da farantan sola, in sayi famfon zafi, wato na'urar ɗumama gida mai aiki da lantarki, mafi girma da ke kasuwa, in huta. Ai da kuɗina.

A nan ƙasar, wasu tallafin gwamnati na gyaran gida ba sa fitowa sai da sa hannun ƙwararre kan makamashi. Matar nan ita ce ƙwararriyar. Na ɗauka zuwa za ta yi ta buga hatimi ta tafi. Sai ga ta da sassafe cikin sanyin Janairu, da wata kyamara mai ganin zafi a hannu. Ta fitar da ni waje, ta saita kyamarar a jikin gidan, ta ce in duba. Gefen tagogi ja wur. Ƙasan rufi ja. Ƙofar shiga kamar an hura garwashi a ƙarƙashinta. Ta ce duk inda na ga ja, zafin da na biya kuɗinsa ne yake fita yawo. Muka koma ciki, ta ɗora bayan hannunta a gindin tagar ɗakin yara, ta ce in ɗora nawa. Iska ce ke shigowa siririya, mai sanyi kamar ƙanƙara. Sannan ta hango tagar banɗaki da nake bari a ɗan buɗe dare da rana alhali hita na kunne, ta dube ni, ba ta ce komai ba. Matata ce ta yi maganar: "Abban yara, sau nawa na faɗa maka?"

Na yi ƙoƙarin kare kaina, na ce ai shi ya sa nake son sola. Sai ta ciro takarda ta zana min watannin shekara. Kusan kashi uku cikin huɗu na wutar da sola ke bayarwa a Jamus tsakanin Afrilu da Satumba ne yake samuwa. A Disamba, lokacin da gida ya fi buƙatar ɗumi, rana ba ta kai awa takwas a sama, ita ma a bayan gajimare. Ta ce wanda ya saka sola don ta ɗumama gida mai yoyo, ɗiban ruwa yake yi da kwando. To, ba da kwando ta faɗa ba, amma abin da take nufi ke nan.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, ba ta da komai na sayarwa. Lissafi kawai ta zo yi. Ta auna kowane ɗaki, ta tambayi mu nawa ne, sau nawa muke wanka da ruwan zafi, ta karɓi takardun gas na shekara uku. Ta ce a fara da rufi, a shimfiɗa masa audugar dutse mai kauri, wadda ke tare zafi, a canza tagogi zuwa masu gilashi ninki uku. Ta kuma ba ni gwaji na kyauta: in rage zafin ruwan da ke zagaya ƙarafan ɗumama ɗaki zuwa digiri 55 a rana mai tsananin sanyi, idan gidan ya ɗumu, to famfon zafi zai iya da shi.

Shi famfon zafin nan firiji ne aka juya. Firiji yana kwashe zafi daga cikinsa ya watsar a baya, shi kuma wannan yana tsotso ɗan ɗumin da ke cikin iskar waje, ko da ana ƙanƙara, ya tura shi cikin gida. Da awon wuta ɗaya yakan ba da awo uku zuwa huɗu na zafi. Bayan gyaran rufi da tagogi, wanda muka saya bai kai wanda na so saya da farko ba ko kusa. Ashe idan ya yi wa gida girma, kunnawa da kashewa yake ta yi har ya tsufa da wuri.

Daga baya dai mun saka solar ita ma. Kada ku ɗauka aljanna ce. Takardu sun kusa kashe ni. Fom na tallafi, fom na rajistar sola a kundin hukuma, wasiƙa ta gidan waya a kan abin da saƙon waya ɗaya zai gama. Mai haɗa kaya ya ba ni rana bayan wata biyar, ya kuma ɗaga ta sau biyu ba ko ban haƙuri. Farantan sun yi makonni a kan rufi suna shan rana a banza, ana jiran a zo a canza mita. A lokacin na yi kewar gida sosai, inda za ka kira mai gyara da safe ya iso kafin azahar, ku gaisa, ya tambayi lafiyar iyali. A nan ko gaisuwar sai ka roƙa.

Amma kuma ranar da masu haɗa kayan suka zo, sun auna inda rufin ke fuskanta, sun duba inuwar bishiyar maƙwabci, sun rubuta komai. Tun Janairun 2023 an cire harajin saye a kan sola ta gida, yanzu kuma mai haya ma yana iya rataya faranti biyu a baranda ya jona a soket, har wat 800. Mutanen da rana ke yi musu rowa ke nan. Faranti ɗaya da zai ba ni abu kaɗan a nan, a wajenmu zai ba da ninki ɗaya da rabi ko fiye. Mu da Allah ya ba rana har muna gudunta, me muke yi? A je a sayo batir don an ga na maƙwabci, a jona masa firiji da dutsen guga da injin ruwa, a bar ƙura ta rufe farantan wata da watanni, batir ya mutu a ce kayan jabu ne. Ɗaki kuma kwano tsirara ba silin, zafi na sauka kamar tanda, sai a ce a ƙaro na'urar sanyaya ɗaki. Yoyon dai iri ɗaya ne da nawa, sai dai namu zafi ne ke shigowa.

Makon jiya ƙanina ya bugo, karo na uku ke nan, wai in taimaka da kuɗin sabon batir. Na ce ya ɗauki biro ya rubuto min duk abin da yake jonawa, da wat ɗin kowanne, da awa nawa yake yi a kunne. Ya yi shiru, ya ce, "Yaya, ko dai ba ka da shi ne?" Jiya ya turo jerin. Layi ɗaya ne: "Kayan gida dai, kamar kullum."